Albasa da Tukunyar Sajan

Shekaran jiya na ga abin da kuka yi a gidan da aka ɗauke ku gadi. Kun gama cin shinkafa da miya, kuka tattara ragowar a roba guda, har da albasar da kuka tsame gefe da ƙashin kaza, kuka tura wa karen mai gida da ƙafa. Da na yi magana, ɗayanku ya ce, "Haba Baba Sale, kare ne fa." Na ji. Ni ma na taɓa faɗin haka da bakina, kuma na sha mari a kai. Shekara arba'in da wani abu na yi ina kuku, rabinsu tukunya biyu nake ɗorawa, ɗaya ta mutane ɗaya ta kare. Ta karen ta fi wuya, ku yarda ko kada ku yarda.

A Fatakwal na koyi aikin. Dako na je yi daga Kazaure, wuyana ya kasa, sai wani tsohon kuku mai suna Baba Tanko ya ɗauke ni wanke-wanke a gidan wani Bature mai manyan karnuka biyu. Makon farko na kankare sauran miyar Bature na zuba musu a kwano, ina ganin na yi tattali. Baba Tanko ya ƙwace kwanon ya kife a rami ya rufe da ƙasa. Sannan ya dawo ya tambaye ni me ke cikin miyar. Na ce nama da tumatir da albasa, ai kare ne. A nan marin ya sauka. Daga nan ya kira ɗaya daga cikin karnukan, ya durƙusa, ya ɗaga masa leɓe da babban yatsa ya nuna mini dasashi, ja mai haske kamar cikin gwaiba.

"Kare ba zai ce maka cikinsa na ciwo ba," in ji shi. "A nan yake magana. Kullum da safe ka duba nan kafin ka duba wutar murhu."

Kayan aikin ba su da yawa, amma ba a haɗa su da na mutane. Tukunyar kare daban, muciyarsa an ɗaura mata jan zare a wuya, wuƙa da katakon yankansa suna rataye a wani ƙusa can nesa da kwandon albasa. Karyayyar shinkafa ake dafawa da tumbi ko huhu, a yanka kabewa ko dankali a ciki. Babu gishiri, babu barkono, babu kayan ƙamshi. In ta nuna a juye a faranti mai faɗi, sai ƙaramin yatsanka ya iya zama a ciki ka karanta Fatiha bai ƙone ba, sannan a miƙa. Da wannan kaɗai kare zai shekara goma gashinsa na ƙyalli.

Abin da ba a ba shi kuwa, da gawa na koyi yawancinsa. A Inugu, gidan wata Baturiya da na yi wa aiki bayan na bar hannun Baba Tanko, an toya kek na Kirsimeti mai zabibi da cakulan, aka bar shi a kan tebur ya huce. Wani ɗan karenta mai kamar tsumma ya hau ya cinye kusan rabi. Kwana biyu yana amai da rawar jiki, a na uku aka binne shi a gindin fure, aka kori mai shara da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ƙashin kaza dafaffe tsagewa yake yi kamar tsinke ya soke hanji. Kwaɓin burodi in kare ya haɗiye, a cikinsa yake ci gaba da tashi. Goro ma, da muke gani abin girmamawa, yana sa zuciyar kare gudu har ya faɗi, shi ya sa Baba Tanko ba ya tofar da tuƙarsa a tsakar gida, a gwangwani yake tarawa. Amma duk cikinsu babu munafuka irin albasa da ƙanwarta tafarnuwa. Ɗanya, soyayya, dafaffa, duk ɗaya ne. Kare zai ci yau ya yi wasa, gobe ya yi wasa, kai kana cewa ka ga ba komai, ita kuwa tana can tana cinye masa jini. Sai bayan kwana uku ko huɗu take nuna fuskarta.

'Yan uwana Hausawa ba su taɓa ɗaukar wannan sana'a ba ce. A unguwarmu ta Anacha, garin da aiki ya kai ni daga baya, sunana Sale kukun kare. Wanda ya fi kowa tsananta mini shi ne Alhaji Mamman, babban dillalin albasa a kasuwar Ose Okwodu, mutumin ƙasar Sakkwato, dogo mai farin gemu da tsafta kamar ya wanke ruwa. In na je sayayya na miƙa masa hannu, kan yatsu yake ba ni, sannan ya goge a riga ina kallo. Ya kan ce, "Kuku, yau me ka dafa wa ubangidan naka mai ƙafa huɗu?" 'Yan rumfa su fashe da dariya. Ni kuwa in zaɓi albasata in wuce, raina na ƙuna.

Ubangidan nawa mai ƙafa huɗu sunansa Sajan, ƙaton karen Turawa mai baƙin baya, in ya miƙe tsaye yana dafa kafaɗata. Wani Bature ne da nake yi wa girki, da zai koma gida ya sayar da shi ga Madam Uzo, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Mijinta ya rasu, ita kaɗai ce a gida mai katanga da get na ƙarfe. Da aka gaya mata karen ba ya cin girkin kowa sai nawa, ta ɗauke mu tare. A Sabon Garin Zariya ta tashi, Hausa a bakinta kamar jakar Kano.

Sai mummunar shekara ta zo, wadda aka yi juyin mulki sau biyu. Aka yi ta kashe 'yan ƙabilar Madam a Arewa, wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye muku ba. Motoci suka riƙa tsallako gadar babban kogin da ke bakin gari cike da masu rauni da matan da suka baro gawar mazajensu. Madam tana da ƙane mai aikin jirgin ƙasa a Arewa. Kullum sai ta je bakin gada ta duba fuskoki, ta dawo ba ta gan shi ba. Daga nan fushi ya juyo kanmu. Unguwar Hausawa ta watse a kwana biyu, mahauta da 'yan dako da 'yan canji kowa ya nemi mota. Ni ban tafi ba, na ce wa zai dafa wa Sajan.

Wata ranar Talata da hantsi Madam ta shigo da motar kayanta, ta sa na rufe get, ta yaye bandir ɗin atamfa. Mutum biyar ne kwance a ƙasa, 'yan albasar da mota ta tafi ta bari. Na farkon da ya sauko Alhaji Mamman ne. Har da buhun albasa biyu, wai ba zai shiga gidan mutane hannu rabbana ba. Ta zuba su a sito na bayan gida mai taga ɗaya, ta ce ko tari kada a ji.

Washegari da rana tsaka samari suka zo da adduna, sun kai goma sha biyar. Get ɗin daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum farantin ƙarfe ne, sama kuma sanduna. Ɗaya ya zuro hannu zai zare sakata, Sajan ya kama shi a damtse bai saki ba sai da nama. Madam ta tsaya a baranda tana ce musu da yarensu daga ita sai karenta, wanda ya shigo kuma ya kuka da kansa. Suka ja da baya suna cewa za su dawo. Da yamma ta je wurin 'yan sanda, suka ce za a yi rakiyar masu tsallaka gada, amma sai an samu mota, mako ɗaya ko fiye. Kowa a gidan ya gane lissafin. Tsakaninmu da adduna babu komai sai karen nan, har ranar da mota za ta zo.

Ciyar da mutum bakwai a gidan da maƙwabta suka san mutum biyu ne, wannan ma aiki ne. In Madam ta sayo shinkafa da yawa za a lura. Nama babu, mahauta sun gudu. Sai na koma kan buhunan Alhaji. Ina soya albasa cikin manja har ta kai rabin tukunya, in zuba shinkafa kaɗan, ta kumbura ta cika ido. Tukunyar Sajan kuwa tana gefe yadda aka saba, shinkafa da kabewa da kan busasshen kifi da na jiƙa na tsiyaye gishirinsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne halinmu. Mu ba ma iya cin abinci wani na kallonmu ba mu ce masa bismilla ba, balle wanda ya tsare mana rai. Sajan ya gano tagar sito, in an kai musu abinci ya je ya zauna yana kallo. Alhaji ne ya fara. Ya yanki rabin rabonsa ya jefa ta taga, sauran huɗun suka bi. Mutane ne masu jin yunwa, suna hana cikinsu suna ba shi, safe da rana da yamma, mutum biyar. Alhaji har goron da ya rage masa a aljihu ya fasa ya jefa masa, yadda ake yi wa mutumin da ya yi maka abin kirki. Ni ina kicin ban sani ba.

Nawa laifin kuma ga shi. Na ga Sajan na barin abinci a kwano, na ce rashin nama ne. Kwana huɗu hankalina na kan get, ban ɗaga masa leɓe ko sau ɗaya ba. Da Baba Tanko na da rai da ya ƙara mini wani marin, kuma da na tsaya na karɓa.

A kwana na shida da safe na ga fitsarinsa a kan siminti, ja kamar zoɓo. Yana kwance gindin mangwaro yana haki ba tare da ya yi gudu ba. Na ɗaga leɓen, dasashi fari fat kamar alawayyo. Na bi sawunsa zuwa bayan sito, ga maiƙon manja a ƙasa, ga ɓawon goro. Na banke ƙofar ban yi sallama ba.

"Wa ke ba karen nan abinci?"

"Mu ne," in ji Alhaji, har da ɗan murmushi. "Ai ya ci lada, Kuku. Wanda ya tsaya maka ba ka ci ka hana shi ba."

"Alhaji, albasa ce rabin abincin nan. Kun kashe shi."

"Albasa? Shekara talatin ina sayar da ita. Magani ce, har mura take kora."

"Gare ka. Zo ka gani."

Ya biyo ni a sunkuye. Na nuna masa fitsarin, na ɗaga leɓen. Na ce masa jinin karen ne yake fita ta nan, kuma in ya mutu kafin mota ta zo, shi ya san sauran. Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta faɗa haka a gabana ba. Can ya ce, "To Malam Sale, me za a yi?" Ranar ya fara kirana da sunana.

Likitan dabbobi babu, wanda ke garin ya bar aiki. Abin da na sani shi ne abin da aka koya mini: a tsayar da gubar, a ba shi ruwa da yawa, a ba shi abin da ke ƙara jini, a hana shi motsi. Jini sai ya ɗauki makonni kafin ya dawo, mu kuwa kwanaki muke nema. Na ce ko kwana ɗaya ne sai na ƙwato. Madam tana da kaji huɗu. Na bar mai ƙwai ɗaya, ukun na ce ɗaya kullum. Alhaji ne ke yankawa da kansa. Na dafa hanta da zuciya da tsoka, na zare kowane ƙashi da yatsa, na daka a turmi da dafaffen ƙwai, na dama da romon da babu gishiri. Mutum biyar masu yunwa suna jin ƙamshin kaza ta taga, babu wanda ya nemi ko ƙafa.

Sajan ba ya iya ɗaga kai ya ci, sai da cokali, kuma aikin mutum biyu ne, ɗaya ya tallafe kai ɗaya ya ɗura. Na waiga ina neman wanda zai riƙe, duk suka duƙar da kai. Alhaji ya naɗe hannun riga ya zauna a ƙasa ya ɗora kan karen a cinyarsa. Yawu ya zuba masa a riga. Da muka gama ya je ya wanke, ya yi alwala, ya yi sallah, da lokacin ɗura ya sake yi ya dawo ya zauna. Sau shida a yini muke yi. A kwana na takwas fitsarin ya fara washewa, Sajan ya lashi cokali da kansa, har ya kaɗa wutsiya sau ɗaya. Madam ta dawo da albishir cewa motar 'yan sanda za ta zo gobe bayan azahar.

Amma maƙwabta suna da kunne. Gidan da kare ke girgiza katanga ya yi kwana uku shiru. Washegari wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji su tafe, sun fi na farko yawa. Madam ta fita baranda. Na ji wani yana ce mata da Turancin kasuwa karen ya mutu, sun sani, ta buɗe kawai.

Na dubi Sajan. Ya ji su, kunnuwansa sun miƙe, ya yunƙura ƙafafu suka ƙi. Baba Tanko ya sha gaya mini cewa karen da jininsa ya ƙare ba a bari ya yi gudu ko ya harzuƙa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na san wannan sarai, babu wanda ya sani a gidan sai ni. Na shimfiɗa buhun albasa da babu komai ciki, muka mirgina shi a kai, ni da Alhaji muka ja shi da rarrafe ta bayan shukoki har gindin get, inda farantin ƙarfe ya kare mu. Alhaji ya rungumi ƙirjinsa ya ɗaga shi zaune. Na sa baki a kunnensa na faɗi kalmar da Baturensa ya koya masa ta kamu.

Ya yi haushi. Ba irin na da ba ne, amma ƙarfen get ya ƙara masa kauri. Na kaɗa sarƙa, na daki get da kafaɗa daidai da kowane haushi, kamar shi ne ke dukansa. A waje gardama ta tashi. Wanda aka ciza yana cikinsu, na ji muryarsa yana cewa shi dai ba zai fara shiga ba. Duk lokacin da suka matso in sake raɗa masa kalmar, shi kuma ya sake ba ni. Ina jin zuciyarsa na dukan hannuna kamar ta tsuntsu. Sau nawa na sa shi, ban ƙirga ba, kuma har yau abin yana damuna. Mun fi awa biyu a haka, wasu suka gaji suka tafi, wasu suka zauna a bakin kwata suna jifa. Sai muka ji hon ɗin babbar mota daga kan kwana, da takun masu gudu.

Da na juyo in ce wa Alhaji mun tsira, na ga ya daina ɗaga karen, ya kwantar da shi a cinya. Ban san a wane haushi zuciyar Sajan ta tsaya ba.

'Yan sanda suka ce minti biyu, wanda bai hau ba ya zauna. Alhaji ya nemi shebur. Madam ta ce, "Alhaji ku tafi, ni zan binne abina." Sai ya tuɓe babbar rigarsa, wadda ita kaɗai ta rage masa daga duk abin da ya tara a Anacha, ya lulluɓe karen da ita tun daga kai har wutsiya. Muka hau motar har da ni, da 'yar shara ya tsallaka gada.

Bayan an gama yaƙin basasar da ya biyo baya na koma. Gidan babu rufi, mangwaron ya ƙone. Madam na same ta a bakin kasuwa tana sayar da ƙyalle a kan tebur, ta rame har sai da ta yi magana na gane ta. Ƙanenta bai dawo ba. Ta kai ni ta nuna mini wurin, ta ce da rigar ta binne shi. Na yi mata girki shekara shida bayan nan, ba ta sake ajiye kare ba.

Alhaji Mamman kuwa, duk kakar albasa sai buhu ya iso ni duk inda nake aiki, har shekarar da ya rasu. Saƙon bai taɓa canzawa ba. Direba zai sauke ya ce, "Alhaji na gaishe da Malam Sale, ya ce ban da kare." Sau biyu ya zo da kansa, ya ci tuwona da hannu a kwano ɗaya da ni.

To ku da kuke cewa kare ne fa, mai gidan nan ya ɗauke ku ne ku tsare shi, amma in abu ya taso karen zai riga ku zuwa get. Gobe zan zo muku da tsohuwar tukunya da muciya in nuna muku yadda ake yi. Yanzu dai ku bar shayin nan ku tashi. Shekaran jiya kuka ba shi, yau kwana na uku ke nan. Ku je ku ɗaga masa leɓe, ku dawo ku gaya mini launin da kuka gani.